Kwana Arba'in a Gidan Mai Madubi

Shekara tara ɗiyata ta fari ta yi a ɗakin mijinta, kuma cikin shekarun nan tara ban taɓa ganin fuskar surukina ba. Na san muryarsa. Na san takalmansa, don a bakin zaure yake tuɓe su. Na san ɗan tarin da yake yi kafin ya yi sallama. Amma fuska, a'a. Ko lokacin da yake neman aurenta, mahaifinta da baffanninta ne sunka gan shi. Haka munka taras ana yi a ƙauyenmu, can wajen Horo Birni ta ƙasar Shagari: in suruki ya zo gaisuwa, a bayan zana yake durƙusawa, uwar matarsa tana ciki ta ja mayafi, a tambayi gida, a tambayi damina, ya tashi. Ba ya cin abinci inda take gani, ba ta shan ruwa inda yake gani. Ba ƙiyayya ba ce. Girma ne ake ajiye wa juna, kuma gidanmu na da filin ajiye shi, don daga zaure zuwa ɗakina sai ka wuce rumbu biyu da turken awaki.

Haihuwarta ta fari da ta biyu, duka mata, gida ta zo na yi mata wankan jego. Ta biyun ta zo da gardama, har sai da anka nemi mota. Shi ya sa da ciki na uku ya tsufa, malaman asibiti sunka ce kada ta yi nisa da su. Wata Talata, cikin tsakiyar bazara, saƙo ya iso ta wayar maƙwabcinmu cewa ta sauka lafiya, an samu namiji, kuma wannan karon ba za ta zo gida wanka ba. Wanka ne zai same ta a Bodinga. Wato ni ce zan tafi, in yi kwana arba'in.

Na ɗaure gero da kanwa da daddawa da yaji, na shiga mota. Daga tasha keke ya sauke ni gaban wani bene, ƙasansa shaguna biyu da gidan wata dattijuwa. Na hau matakala goma sha bakwai. Na ƙirga su ne don ban taɓa kwana bisa kan mutane ba.

Ɗiyata ce ta buɗe ƙofa, jariri a kafaɗa. Da yake ɗiyar fari ce ba na kiran sunanta, "ke" nake ce mata, ta san da ita nake. Na shiga na tsaya. Bango fari tas. Ƙasa tayil mai sheƙi, har na ji kunyar faso na ƙafata. Babu labule ko ɗaya, haske na shigowa ta taga yana yawo yadda ya ga dama. Can gefe na hango wani ɗaki, fari shi ma, da taga irin wagga.

"To, alhamdu lillahi," na ce. "Ashe da wani ɗaki can. Nan za ni sauka."

"Wane ɗaki, Inna?"

Na nuna mata. Sai na ga wata tsohuwa ita ma ta nuno ni, da ƙullin kanwa a hannunta.

"Madubi ne, Inna," ta ce tana danne dariya. "Tun daga ƙasa har bisa. Don falon ya yi faɗi."

"Faɗin da ba a iya shimfiɗa tabarma cikinai?"

"Na ido ne."

"To, ido shi kwana can. Ni ina za ni kwana?"

Gidan dai duka ciki ne da falo, sai kicin da bai fi rumbun tsaba ba, sai makewayi. Mutum huɗu ke cikinsa, ga na biyar ya iso, ga ni ta shida. Amma fa ban ga tarkace ba, kuma wannan ne ya fara ɗaure mini kai. Jikokina biyu sunka kama hannuna suna nuna mini inda kayan sunka shige. Gadonsu a kusurwar falo yake, ɗaya bisa ɗaya, babbar na hawa da tsani awa mai zuba dawa a rumbu. Teburin cin abinci manne yake da bango, sai a sauke shi ya tsaya da ƙafa ɗaya, in an gama a mayar, a bayansa kuma ga zanen furanni, ka ce ado ne. Doguwar kujera in an ja ta sai ta miƙe ta zama gado. Gadon ɗaki yana da aljihuna shida a ƙasansa, kowane da mai shi. Takalma a bayan ƙyaure suke, cikin aljihunan yadi da ɗiyata ta ɗinka, don tela ce. Keken ɗinkin nata ma in ta rufe shi sai ya zama wurin aje kwanon turare. A bakin taga ga gwangwanaye huɗu an shafe su da farin fenti, an shuka albasa da na'ana'a.

Na yi ta buɗewa ina rufewa. Na sauke teburin nan sau uku, na leƙa ƙarƙashinsa in ga mi ke riƙe da shi. Sai idona ya kai kan kwanuka uku rataye a bango, na gane su. Kwanukan jeren da na tara mata ne shekara da shekaru, waɗanda da a ɗakina ne da sun cika bango guda.

"Sauran fa?"

"Suna ƙarƙashin gado, Inna. Duk wata nakan canza uku. In na fito da su duka, sai dai mu mu koma ƙarƙashin gadon."

"Wa ke tsara muku wanga abu haka?"

"Ni nake gani a waya in zaɓa. Shi yake aunawa ya zana, ya kai wa kafinta."

Shi ɗin malamin makaranta ne. Ban kawo komai a raina ba sai da la'asar ta yi, na ji ɗan tarin nan a matakala. Ina zaune a falo jariri a cinyata. Babu zaure, babu zana, ƙofa ɗaya ce kuma cikin falon take buɗewa. Na yi abin da na saba, na ja mayafi na juya fuskata ga bango. Ashe bangon madubi ne. Shi ma da ya shigo ya durƙusa, sai ya kau da kai daga gare ni ya dubi gefe guda. Ashe gefen madubi ne. Idona cikin idonsa.

Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila bai kai kiftawa biyu ba. Na ga dogon hanci. Na ga furfura uku huɗu a gemu. Na ga kunnuwa da sunka ɗan buɗe gefe awa hannun tulu. Sai ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tayil.

"Inna, an zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Barkanmu da arziki."

Jaririn ya motsa a cinyata, na mayar da idona kansa.

Aka tsara kwana: ni da mai jego da jariri a ɗaki, shi a doguwar kujerar falo, yaran a gadonsu. A baki tsarin ya yi kyau. Abin da ba wanda ya faɗa shi ne, ƙofar makewayi a falo take, daidai kan kujerar da yake kwana, ta kicin ma haka. In zan ɗebi ruwa, ta gabansa. In zan kama ruwa, ta gabansa. In na juya baya, madubi ya miƙa masa fuskata. Kuma makarantu na hutu, ba shi da inda zai tafi da safe.

To, sai na yi dabara irin tawa. Na ce a raina, wanda bai sha ba, ba ya neman makewayi. Na rage ruwa. Da safe kurɓi biyu, da rana in jiƙa leɓe. Abinci kuwa sai na ji saukarsa a matakala zuwa masallaci, in yi loma biyar da sauri, in yi alwala, in koma ɗaki. Ɗiyata ta ce, "Inna, ba ki ci ba." Na ce tuwon gas bai karɓe ni ba. Ta yarda, don hankalinta na ga jariri.

Aikin da ya kawo ni kuwa ban sassauta masa ba. Safe da yamma ina dafa ruwa a babbar tukunya bisa gas, wutar da ba ta da hayaƙi kuma ba ta neman a hura ta, abin da har na baro gidan ban daina leƙensa ba. Sai in juye a roba in kai makewayi, in tsoma ganyen dogon yaro in yi mata wanka har jikinta ya yi ja, in dama mata kunun kanwa. Na lura duk lokacin da zan fito da ruwan, falon babu kowa. Na ɗauka sa'a ce Allah ke ba ni.

Ranar suna na ga abin da gidan ke iya yi. Tun da hantsi anka mayar da teburi bango, anka naɗe kujera, anka lulluɓe gadon yara da wani yadi mai ruwan toka ya koma awa kanta. Maza a ƙasa sunka zauna, gaban shaguna. Mata kuwa kashi-kashi suke hawowa, goma su ci su sauka, goma su hau, madubi kuma yana mayar da goma ashirin. Wata ƙawar ɗiyata ta yi ta ɗaukar hoton kwanukana uku tana cewa, "Kai, wannan tsari!" Ni ina zaune a ƙurya ina jin daɗi, leɓena kuwa ya tsage.

Kwana na goma sha biyu da zuwana, da hantsi, zafi ya yi zafi. Muna makewayi, ƙofa rufe, tururi ya cika wurin. Na ɗaga ganye zan watsa mata ruwa a baya, sai na ga farin tayil ya zama baƙi. Abin da na sani na gaba, ina kwance a falo, fanka na juyawa bisa kaina, dattijuwar nan ta gidan ƙasa na riƙe da hannuna. Hajiya ake ce mata, tsohuwar ungozomar asibiti ce da ta aje aiki, mace mai ƙiba da murya awa ta mai shela. Ta ja fatar bayan hannuna ta saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ta ce in fito da harshe.

"Yaya, tsakaninki da Allah, yaushe rabonki da ki sha moɗa guda ta ruwa?"

Na kau da kai.

"Azumi kike? Cikin wanga zafi, ga aikin jego?"

"Ba azumi ba ne."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar makewayi, ta dubi doguwar kujera da matashinsa a kai. Sai ta tafa hannu ta saki dariya har tana riƙe ciki.

"La ilaha illallahu! Ku mutanen Shagari za ku kashe kanku da kunya! To, bari in gaya miki naki surukin. Kwana goma sha biyu ke nan yana zaune a matakala ta tara awa maigadi. Nan yake cin tuwo, kwano bisa gwiwa. Nan yake duba takardun jarrabawar da yara sunka yi kafin hutu. Wanka a masallaci yake yi. Jiya na ce masa, 'Malam, an kore ka ne?' Ya ce, 'A'a, Hajiya, iska nake sha.' Iska! A matakalar da ko ƙuda ba ya tsayawa!"

Ɗiyata tana tsaye da zane a ƙirji, ruwa na ɗiga daga kanta. Ba ta yi dariya ba.

"Inna, kenan ba tuwon gas ba ne."

Hajiya ta haɗa mini ruwan gishiri da sukari, ta tsaya a kaina har na shanye kofi uku. Da ƙarfina ya ɗan dawo, na shiga ɗaki na fara ɗaure ƙullina. Na riga na yanke: gida zan koma. Na hana kaina ruwa, na hana bawan Allah gidansa, mi ya rage?

Ɗiyata ta biyo ni ta zauna bakin gado.

"In kin tafi wa zai yi mini wankan? Saura kwana ashirin da takwas."

"Ga Hajiya nan."

"Hajiya ta ce wankan tafasasshen ruwa ba ya cikin littafinsu. Da ruwan ɗumi za ta shafe ni awa jariri. Inna, don Allah, ɗanki ne fa. Zamani ya canza. Uwar ƙawata tare suke kallon talabijin da surukinta."

"Allah shi ba su lafiyar kallo. Ni ba haka uwata ta bar ni ba."

Sai ga ɗan tari daga bayan ƙofar falo, ashe ya hawo daga matakalarsa.

"Inna, a gafarce ni. Akwai abokina da ke da ɗaki kusa da kasuwa. Sai in koma can har ku yi arba'in."

"Subhanallahi," na ce wa ƙyauren ɗaki. "In zo gidan mutum in fitar da shi, shi bar ɗiyanshi? Wagga kunya ta fi waccan. A'a."

Shi ba zai zauna in ina jin ƙishi ba, ni ba zan zauna in yana waje ba, ita kuma tana kuka a hankali don kada ta tada jariri. Na zauna da ƙullina a cinya. Idona ya sauka kan aljihunan nan shida na ƙarƙashin gado, kowane da mai shi. Na daɗe ina kallonsu.

"Ke," na ce. "Gidan ga teburi na da maɓoya. Kujera na da maɓoya. Takalmi ma an yi mishi aljihu. Tsohuwa ɗai ce ba a yi ma wuri ba?"

Ta share ido. "Kamar yaya?"

"Asabari. Daga ƙofar ɗakin ga zuwa makewayi da kicin. A rataya shi tun daga bisa, shi bar mini 'yar hanya bakin bango."

Nan take na ga fuskarta ta canza, awa na ce a kawo awaki falo.

"Inna, asabari? Wata uku ina roƙo kafin ya yarda munka cire labulaye. Falon zai yi duhu, zai tsuke, zai koma kamar..."

"Kamar ɗakin da anka haife ki. Faɗi mana."

Ta sunkuyar da kai. Na ce mata asabari ba labule ba ne. In mai saƙa ta san hannunta, takan bar tsakanin kara da kara daidai yadda haske zai wuce, ido bai wuce ba. Kuma naɗe shi ake yi, in an naɗe bai fi taɓarya kauri ba. Da ta ji maganar naɗewa sai na ga ta ɗago kai. Duk abin da ke naɗuwa yana da daraja a gidan nan.

Ta ɗauko tef ɗinta na ɗinki, ni na miƙe hannuna. Ta auna ta faɗi lamba, na auna na ce kamu shida da taƙi. Hanyar kuma kamu ɗaya da rabi, daidai tsohuwa da robar ruwa. Na gaya wa ƙyaure cewa a ƙauye, cikin rumfar bayan ɗakina, akwai dammai biyu na tsaure, doguwar ciyawar da ake asabari da ita, na yanka tun kaka. Ƙyaure ya amsa, "To, Inna." Kafin azahar na ji tashin babur ɗinsa, kafin magariba ya dawo da su ɗaure a baya, har da saƙon gaisuwa daga maƙwabta.

Sai rigimar zare. Ni duk asabarin da na taɓa yi da jan zare da kore nake ɗaure shi, don a san hannuna ne. Ta kawo mini ruwan toka.

"Wanga ai kalar jaki ce."

"Ita ta dace da kujera, Inna."

"Kujera za ta ɓuya bayanshi ko ni?"

Munka ja, munka ja, har Hajiya ta raba mu: ruwan toka duka, amma layi ɗaya na ƙasa ja. Ɗiyata ta ce to, amma ƙullin jan ya dubi gefen hanya. Na ce ai dama nawa ne.

Kwana uku na yi ina saƙa a tsakar gidan Hajiya, inuwar bene a kaina, tulun ruwa a gefena, tana gadina awa mai tsaron fursuna. "Sha, Yaya. Makewayina ba suruki a bakinshi." In lokacin wanka ya yi in hau, in na gama in sauko. Shi kuma ya samu ya koma falonsa da rana. Na fere karan ɗaya bayan ɗaya, na zaɓi masu kai ɗaya, don na ga gidan ba ya son abin da ya karkace.

Ranar rataya ina ɗaki na ji yana buga ƙusa, yana jan igiya. Ashe har wata 'yar dabara ya yi, igiya ɗaya a gefe, in an ja ta asabarin ya naɗe kansa ya hau bisa, in an saki ya sauko. Da ya gama ya sauka ƙasa, Hajiya ta ce sai an gwada. Ta zauna daidai wurinsa a doguwar kujera, ta ce in wuce. Na fito daga ɗaki na bi 'yar hanyata. Haske na ratsowa ta tsakanin kara, layi-layi bisa zanena.

"Ta nan dai ban gan ki ba," in ji Hajiya. "Amma ga ki can a madubi, har da haƙorinki ɗaya da ya fita."

Ashe madubin na leƙa bayan asabarin ta wajen ƙofar kicin. Duka munka juya munka dubi ɗiyata. Madubin nan shi ne abin da ta fi so a gidan, kullum sai ta goge shi da tsohuwar jarida. Ta tsaya tana cizon leɓe. Sai ta miƙa wa Hajiya jariri, ta leƙa ta taga ta kira shi.

"Malam! Zo ka matsar mini da madubin ga, taƙi biyu wajen taga."

Aka matsar. Hajiya ta sake zama, na sake wucewa, na dawo, na sake wucewa.

"Shi ke nan, ta ɓace. Wataƙila ma ta koma Shagari."

Ranar na kwance ƙullina. Da yamma na shiga kicin na cika moɗa na sha a tsaye, na ƙara. Ina cikin sha na ji an sauke teburi daga bango, na ji ƙarar cokali bisa faranti, na ji ƙaramar jikata na cewa, "Baba, yau nan za ka ci?" Bai fi kamu biyu tsakanina da shi ba. Yana ci, ina sha, ba wanda ya ga wani.

Abin da ban zata ba, sai hira ta shiga tsakaninmu. A zauren ƙauye gaisuwa ce kawai, a tashi. Nan kuwa in ina jiran ruwa ya tafasa, sai in ji daga bayan kara, "Inna, wai gero na bana wane iri za ku shuka?" In ba shi amsa. Ni ma in tambaye shi abin da ke cina tun ranar da na zo, yadda anka yi ƙafa ɗaya ke riƙe teburi. Ya ce ba ƙafar ba ce, bangon ne ke ɗauke da rabin nauyin. Na kwana biyu ina juya wannan magana. Cikin kwana ashirin da 'yan kai munka yi zancen da ba mu yi ba a shekara tara.

Munka yi arba'in lafiya. Jikin mai jego ya yi kyau, jariri ya yi kumatu. Da safen da zan tafi na kama igiyar zan sauke asabarin in naɗe, don na ɗauka aikinsa ya ƙare.

"Bar shi, Inna," in ji ɗiyata.

"Ba zai tsuke miki falo ba?"

"Bayansa zan riƙa gwada wa mata ɗinki. Kuma yaron ga zai yi wayo, 'yan matan nan za su so wurin canza kaya." Ta gyara igiyar. "Kuma ai za ki dawo."

Na lura ta juya shi, jan layin ya koma yana duban falo. 

Da na isa gida, tsakar gidana ta yi mini faɗi har na rasa inda zan aje ƙullina. Matan unguwa sunka taru ana barka. Sunka tambayi bene, sunka tambayi wutar da ba ta hayaƙi, na ba su labarin teburi mai ƙafa ɗaya, wata ta ce ƙarya nake. Sai maƙwabciyata, wadda munka yi ƙuruciya tare, ta ce, "To, angon naki wa ya ɗebo? Uwar ko uban?"

Yaron nan dogon hanci gare shi, kunnuwansa kuma sun ɗan buɗe gefe awa hannun tulu.

Na gyara mayafina na ce, "Ina zan sani? Ni da ban san fuskar uban ba."